Cefanen Sunderland da rigimar "ƙaramar ƙungiya" (hirar watan Agusta 2025)

Nura Tela: Salamu alaikum 'yan gida. Wai ba wanda zai taya ni jimami ne? Shekara takwas Sunderland na waje, har rukuni na uku muka leƙa, sai a watan Mayun nan na 2025 yaron nan Watson ya jefa wa Sheffield United ƙwallo a Wembley ana dab da tashi, muka dawo Firimiya. Yanzu ko wasa ɗaya ba a buga ba an zubar da sama da fam miliyan 100 a kasuwa. Diarra, Adingra, Sadiki, Talbi, ga kuma Xhaka. Watson ɗin da ya hau da mu ya tafi Brighton, Jobe Bellingham an sayar wa Dortmund. Wannan ai shi ne angon da ya ci bashi ya cika akwatunan lefe, bai tanadi garin tuwon sati ɗaya ba. In muka koma gasar 'yan dagaji wa zai biya albashinsu? Ƙaramar ƙungiya irin tamu ba ta da wannan ƙarfin.

Shamsu Ganas: "Irin tamu"? Nura ka ji tsoron Allah. Bara war haka rigar Leverkusen ce a jikinka.

Malam Kabir: Wa alaikumus salam. Tsoron Nura yana da tushe. Kakar 2023/24 Luton da Burnley da Sheffield United suka hau, su ukun suka koma. Kakar 2024/25 Leicester da Ipswich da Southampton, su ma duka suka koma, Southampton da maki 12 kacal. Ipswich ta kashe kuɗi sosai, ta ƙare da 22. Ita kuwa Sunderland ta huɗu ta yi a rukuni na biyu da maki 76, alhali Leeds da Burnley kowace na da 100.

Alhaji Bishir: Ku dakata. Yaro, wa ya ce maka Sunderland ƙaramar ƙungiya ce? Kai da kake cewa taka ce ba ka san kofin lig shida gare ta ba? Filinta na ɗaukar mutum kusan 49,000. Chelsea nawa gare ta? Shida. To ina ƙanƙantar take?

Oga Sani Bulus: Alhaji da girmanka. Mi ya kawo Chelsea cikin wannan magana?

Alhaji Bishir: Lissafi ne ya kawo ta, Sani. Shida da shida.

Oga Sani Bulus: Ranka ya daɗe, na ƙarshen da suka ci 1936 ne. Sarki Dikko na kan gadon sarautar Katsina lokacin. Ko kai ba a haife ka ba, balle ka ce ka kalla. Mu biyar daga cikin namu daga 2005 zuwa 2017 ne, a gidan kallon nan aka ga wasu, kana zaune a bencin gaba kana tsaki.

Alhaji Bishir: Kofi ba ya ruɓewa. Kuma a 1973 suna rukuni na biyu suka doke Leeds suka ɗauki kofin FA. Kafin Abramovich ya zo da buhunan kuɗinsa a 2003 ku guda ɗaya gare ku, na 1955. Ashe dai kuɗi ne girman naku.

Shamsu Ganas: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya! Faɗa mishi dai.

Oga Sani Bulus: Kai Shamsu rufa wa kanka asiri. Babbar ƙungiya ita ce mai kofin Zakarun Turai. Mu biyu gare mu, 2012 da 2021, ga na duniya da muka ƙwace a hannun PSG da ci 3 da nema watan jiya. Nottingham Forest ma biyu gare ta. Kai ina naka?

Shamsu Ganas: Mu Arsenal lig 13 gare mu. Kaka guda cur ba a doke mu ba. Ka je ka nemo wanda ya yi haka a Firimiya.

Oga Sani Bulus: 2004 ke nan. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar yanzu ya isa aure. Tun daga nan sai na biyu, na biyu, na biyu, sau uku a jere.

Nura Tela: Don Allah ni fa tambayata kan cefane take.

Ɗanlami Chanji: Ikon Allah. Mutum yana Ƙofar Ƙaura yana rasa barci saboda garin da ko a taswira ba zai iya nuna shi ba. Ga Katsina United nan ƙofar gidanku, filin Muhammadu Dikko, ɗan sahu ɗaya zai kai ka. Mu ma mun faɗa a 2022, muka dawo a 2023 tare da Pillars da Heartland da Sporting Lagos. Heartland da Sporting suka koma a kakar farko, mu muka tsaya. Wa ya zo nan ya yi jimami ko murna? Sai ƙungiyar Turawa ce "tamu".

Rabi'u Bakano: Kun tsaya ne saboda wasan gida. Ku fita waje mu gani.

Ɗanlami Chanji: Bakano, kai ne za ka yi maganar fita waje? Mun fita Kano a 2022, ka san yadda motar 'yan wasanmu ta dawo. Gilashi nawa ya rage? Har maki aka zaftare muku, kuma tare muka nutse a shekarar.

Rabi'u Bakano: Lig huɗu gare mu. In ana maganar ƙaramar ƙungiya ka sunkuyar da kai.

Ɗanlami Chanji: Kunya gare mu ba tsoro ba, shi ya sa na ƙyale ka. Kana cin arziki a garinmu.

Malam Kabir: Jama'a a dawo kan hanya. Kashe kuɗi shi kaɗai ba ya nuna inda za a ƙare. Fulham ta kashe sama da fam miliyan 100 a 2018, ta faɗa. Aston Villa ta yi irin wannan cefanen a 2019, ta tsira ranar ƙarshe a matsayi na 17, yau ga ta har ta buga gasar Zakarun Turai. Forest ta kwaso 'yan wasa sama da ashirin a 2022, ta tsira, amma a Maris ɗin 2024 aka cire mata maki huɗu don asararta ta wuce ƙa'ida. Dokar ta ce kada asara ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma wadda ta fito daga rukuni na biyu iyakarta ba ta ma kai haka ba. Abin da zai taimaki Sunderland shi ne kuɗin Bellingham da Watson, kuma yawancin waɗanda ta saya yara ne, ko ta faɗa za su sayu. Ni abin da ya fi damuna Disamba ce. Gasar kofin Afirka a Maroko za ta iya kwashe Diarra da Sadiki da Talbi da Reinildo lokaci guda, daidai lokacin da wasanni ke cunkushewa.

Oga Sani Bulus: Malam ka manta ba ka faɗi wanda Forest ta taka ta tsira ba. Arsenal ce, Awoniyi ya jefa mata ɗaya mai ban haushi, Mayu 2023. Ranar City ta ɗauki kofi tana kwance a gida. Shamsu ya fita bai karɓi canjinsa ba.

Shamsu Ganas: Ƙarya ne, ina Funtua ranar.

Alhaji Bishir: Kana nan. Kai ka ture min butar shayi.

Shamsu Ganas: Alhaji ni da na goya maka baya ɗazu? To tunda abin ya zama haka, Manchester United ta Alhaji da ta ƙare ta 15 a kakar 2024/25 ita ma a faɗa mana babba ce ko ƙarama. Matsayi uku ne tsakaninku da Leicester.

Alhaji Bishir: Ashirin gare mu. Ka gyara bakinka, na girmi babanka.

Shamsu Ganas: Allah ya huci zuciyar Alhaji. Amma Nura shi ne matsalar. Ba Sunderland yake so ba, Xhaka yake bi. Mutumin da ya cire rigarmu a gaban 'yan kallo a 2019 har aka ƙwace kyaftin daga hannunsa. Shekararsa 32, da mi zai yi gudun Firimiya?

Nura Tela: Tsohon doki sai mai sani. Yana barinku ya ci lig ɗin Jamus ba a doke su ko sau ɗaya ba. Ku da kuka rabu da shi mi kuka ci? Kuma in Xhaka nake bi, ya aka yi na san wasan Wembley? Wata biyu ya riga zuwansa.

Rabi'u Bakano: To faɗi sunan kocinku ba tare da ka duba waya ba.

Nura Tela: Le Bris, Bafaranshe ne. Akwai wata?

Rabi'u Bakano: Minti huɗu ka ɗauka kafin ka amsa.

Nura Tela: Awo nake yi wa mutum!

Malam Kabir: Ba wanda zai ce komai kan maganar Disamba?

Ɗanlami Chanji: Oga Sani tunda kana nan, mi ya sa aka ƙara kuɗin shiga? Kuma fankar baya tun azumi ba ta juyawa.

Oga Sani Bulus: Ka sayo litar mai ɗaya ka zuba a janareto sannan ka dawo mu yi maganar. To jama'a an kusa kiran Isha'i, bari in tattara abin da aka cim ma kafin in rufe. Na ɗaya, kowa ya yarda Sunderland ƙaramar ƙungiya ce, kofin zamanin Sarki Dikko tarihi ne kawai, da girmamawa ga Alhaji. Na biyu, an tabbatar girman ƙungiya na ga kofin Turai, wanda ba shi da shi ya san kansa. Bayanin Malam Kabir ya nuna kashe kuɗi ba laifi ba ne in an iya, kamar yadda wasu suka kashe suka zama zakarun duniya. Nura za su faɗa, amma Allah ya sa sai sun karɓi maki a hannun Arsenal. Rigimar Ɗanlami da Bakano ba ta nan ba ce, su ƙarasa a majalisa. Asabar akwai Sunderland da West Ham, a ƙaramar talabijin ta gefe za a sa, kuma kuɗin shiga na nan yadda na faɗa.

Alhaji Bishir: Wane ne "kowa"? Ni ban yarda ba.