"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba": gori ne ko tausayawa?

Ɗan Yakasai:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun Juma'ar da ta wuce. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu, sai aka fito da tsohuwar talabijin ɗinsa, National baƙi-da-fari, irin mai gidan katako da ƙofa da ake zugewa. Baffanmu ya ce a kira 'yan gwangwan su auna. Baba ya ce ba mai fitar da ita daga gidan nan, da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, aka saye ta a 1975, kuma a gabanta duk suka tashi. Da magana ta yi zafi sai Baffa ya ce, "Yaya, kowa ya tuna bara ai bai ji daɗin bana ba." Baba ya miƙe ya shige ɗaki. Har yau daga gaisuwa ba sa ƙara komai. Baba ya daɗe da yin ritaya, abubuwa sun ja baya, Baffa kuwa kasuwa ta yi masa kyau a Kwari. Abin ya dame ni ƙwarai. Gori ya yi masa, ko mu ne muka ɗauke ta da zafi?

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam. Gori ne tsagwaronsa. Magana ɗaya ce, amma ana duba bakin da ta fito. Ƙane mai hali ya gaya wa wansa ɗan fansho haka a gaban 'ya'ya? Ya je ya ba shi haƙuri.

'Yar Gwammaja:
Malam, a yi masa uzuri. Ni a gidanmu tsofaffi kansu suke faɗa wa wannan maganar. Inna za ta zauna tana lissafa yadda ake cika kwando da naira ɗaya a kasuwar Rimi, sai ta yi ajiyar zuciya ta faɗe ta da bakinta. Wa ta yi wa gori?

Sani Mai Rediyo:
Ni dai kar a ba 'yan gwangwan. Shekara talatin ina gyara a Sabon Gari, irin wannan ba ta zuwa hannuna yanzu. Sai ta ɗau zafi kafin hoto ya fito, in an kashe ta kuma ɗan farin ɗigo ya tsaya a tsakiya, yara su yi ta kallonsa har ya ɓace. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962, kala kuwa gidan talabijin na Jos ne ya fara watsawa a tsakiyar shekarun 1970. To amma tasha ta watsa kala daban, kai ka gan ta a ɗakinka daban. Mutane da yawa a nan Kano ba su canza ba sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV 67, wadda ake kira ARTV yanzu. Ita a UHF take, wasu tsofaffin akwatunan ba sa kama ta. Wanda bai samu ya canza a lokacin ba, da naira ta faɗi a 1986 sai dai ya jira 'yar Kwatano.

Maman Walida:
Ɗan Yakasai, ka sa ni hawaye da safen nan. Bari in ba ku labarin kakata, mu Iya muke ce mata, a Ƙofar Mazugal. Dillaliya ce, ana saro mata atamfa daga Kantin Kwari mata su shigo gida su zaɓa. Ta san zane kamar yunwar cikinta. Da abokiyar zamanta, Hajiya Ƙarama, shekara ashirin da wani abu suna gida ɗaya, ba su da abin musu sai ɗaya: kayan matar da ke gabatar da shirin mata a talabijin. Tasu baƙi-da-fari ce. Da matar ta fito, Iya za ta matso ta ƙanƙance ido ta ce wannan shuɗiya ce da ratsin ruwan ƙwai. Hajiya ta ce a'a, ja ce. Akwai wata atamfa mai zanen ganye da matar take yawan sakawa, a kanta suka fi shekara suna ja-in-ja. Iya ta ce kore ce, ai ganye ne, kuma ita ta sayar da irinta. Hajiya ta ce ruwan goro ce, idonta ya gaya mata. Har goro suka sa a kai, ƙwarya guda.

Ɗan Yakasai:
To ba su aika a gano musu ba?

Maman Walida:
Sun aika mana! Su suna kulle, unguwar kuma ba mai kala. Suka ba kawuna kuɗin mota, yana ɗan shekara goma sha biyu, ya je wani kanti a Sabon Gari da ake kunna mai kala a bayan gilashi. Ya dawo bayan magariba suka tare shi a soro: wace kala? Ya ce, "Wallahi mai kyau ce." Ashe ƙwallo suka sa a kantin, ya tsaya kallo.

Hajiya Ƙarama ta rasu da damina a 1983, wajen haihuwa. Bayan Babbar Sallah kakanmu ya shigo da JVC mai kala a kwali. Mahaifiyata ta ce abin da ya fara ba su mamaki shi ne ratsin nan da ake sakawa kafin a buɗe tasha da la'asar, su duk a zatonsu toka-toka ne, ashe har da ja da kore da shuɗi. Yaran maƙwabta suka cika tsakar gida, takalma har zaure. Mako biyu da zuwanta matar nan ta fito da atamfar mai ganye. Ruwan goro ce. Iya ta dube ta, ta dube ta, ta waiwaya gefen tabarmar da Hajiya take zama, ta ce, "Kin ci." Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ta aika aka sayo goro ƙwarya guda a Mariri ta rabar sadaka.

Tsohuwar talabijin ɗin kuwa ta sa aka kai mata ɗakinta, ta lulluɓe ta da kyalle mai aikin hannu, ta jera tasoshi a kai. Ba ta hana kowa kallon mai kala ba, ita ma tana kallo, har ta fi kowa son fim ɗin Indiya saboda kayan matan. Amma ran da wata jikarta ta gaya mata wannan karin maganar, cewa ta yi, "Na ji daɗin bana, 'yar nan. Wadda zan gaya wa ce babu." Har ta koma ga Allah ba a taɓa akwatin nan ba.

'Yar Gwammaja:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansu duka biyun, ya haɗa su a Aljanna.

Malam Na-Fagge:
Amin. Amma Hajiya, ai labarinki ya ƙara ƙarfafa maganar. Daɗin da ba ka da wanda za ka gaya wa, ya cika daɗi?

Maman Walida:
Malam, ni dai abin da ta ce na faɗa. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Auwalu Kurna:
Ku kuna ta kala, mu leda muka sani. Akwai wata roba da ake mannawa a fuskar talabijin, sama shuɗi, tsakiya ja-ja, ƙasa kore. Mai karanta labaran ƙarfe tara ya fito da shuɗiyar hula da koren ciki, mu kuwa a makaranta mu ce tamu mai kala ce.

Ɗan Brigade:
Ai ledar nan ba ta ɓace ba, Auwalu, manyanmu ne suka kwashe ta. Mutum ɗaya, hali ɗaya, kowane zaɓe ya manna sabuwar kala ya dawo neman ƙuri'a.

Auwalu Kurna:
Wallahi! Kuma wutar da suka ce za ta zauna dare da rana har yau muna jira. Zamanin NEPA in an ɗauke, batirin mota Baba yake jonawa 'yar ƙaramar baƙi-da-fari, a ƙarasa kallo. Yanzu ga ta bango guda, sai dai ka kalli fuskarka a ciki.

Malam Na-Fagge:
Jama'a, yaro ya kawo matsalar gidansu kun kai mu rumfar zaɓe.

Sani Mai Rediyo:
Da ni ne Baba, da na mayar wa Baffa da "da tsohuwar zuma ake magani."

Ɗan Brigade:
Zuma ba ta lalacewa, Malam Sani, wannan kuwa ɓeraye sun gama da wayoyinta. Amma ni ma ba zan sayar ba. A irinta na ga wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1980, muka ci Aljeriya 3 da nema a Legas, Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya. Yayana na kan katanga riƙe da sandar eriya muna yi masa ihu, "Juya! Ya yi! A'a, koma!" Bai ga ƙwallo ko ɗaya ba, har yau yana yi mana mita.

'Yar Gwammaja:
To shi da bai ji daɗin bara ba kuma yake tuna ta, ina za ku sa shi a karin maganar?

Ɗan Yakasai:
Na gode muku duka. Na karanta wa Baba labarin Iya bayan sallar isha'i, bai ce komai ba, sai ya tambaye ni ko a Ƙofar Mazugal ɗin wane gida ne. Talabijin ɗin tana soro yanzu, ba a mayar da ita ɗaki ba, ba a kuma kira 'yan gwangwan ba. Baffa ya aiko da buhun shinkafa jiya, shi bai zo ba. Malam Sani, in na kawo ta a Keke Napep ranar Asabar za ka duba mana? Baba ya ce ko sautin kawai ta yi.

Sani Mai Rediyo:
Kawo ta da hantsi. Kar ku jona ta da wuta kafin in buɗe bayanta.

Auwalu Kurna:
Malam Sani, ledar nan fa, ana samunta har yanzu?