Shirin aikin sauya gwiwa ga mai cutar lupus: abin da muka gani da idonmu

Maman Ilham:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekarata 41 da haihuwa, kuma na shekara 14 ina fama da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mutum da kansa. Gwiwata ta dama ta kai inda ba na iya hawa matakala sai an riƙe ni, hoton MRI kuma ya nuna wani sashe na ƙashin ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi, abin da likita ya danganta da yawan prednisolone, maganin rage kumburi da danne garkuwar jiki, da na sha a shekarun da ciwon ya taɓa mini ƙoda. An sa mini ranar aiki nan da mako 8. A yanzu ina shan magungunan lupus, wato hydroxychloroquine da mycophenolate, da prednisolone miligiram 5 a kullum. Ina roƙon duk wanda aka yi wa wannan aiki ya faɗa mini abin da ya yi kafin ranar, domin gaskiya hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Rabi:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa a yi a sa'a. An yi mini gwiwar hagu shekara 3 da suka wuce, kuma zan fara da kuskuren da na yi, don kada ki maimaita shi. A ranar da na je gwajin share fage, wata ma'aikaciya ta ce mini in dakatar da duk wani maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, ni kuwa ban tambayi wanne da wanne ba, na haɗa har da prednisolone na ajiye. A kwana na uku na tashi daga kan gado sai na ga ɗakin yana juyawa, ga amai, ga kasalar da ko kofin ruwa ba na iya ɗagawa. Da aka kai ni asibiti aka tarar awon hawan jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Likitan lupus ɗina ya yi mini bayanin cewa wanda ya daɗe a kan wannan magani, jikinsa yakan rage samar da nasa sinadarin mai irin wannan aiki, saboda haka yanke shi farat ɗaya hatsari ne babba. Dole aka ɗage aikin.

Daga nan na nace sai likitan ƙashi da likitan lupus sun yi magana da juna, suka ba ni takarda guda mai ɗauke da sunan kowane magani, da ranar tsayar da shi idan za a tsayar, da ranar komawa. Likitan ya nuna mini cewa akwai ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtukan gaɓoɓi ta Amurka ta fitar tare da ƙungiyar masu aikin ƙugu da gwiwa a 2017, aka sabunta ta a 2022. A cikinta hydroxychloroquine da methotrexate ana ci gaba da shan su har ranar aiki, prednisolone ma ana ci gaba da adadin da aka saba. Mycophenolate da azathioprine ne ke da magana biyu: idan lupus ɗin bai yi tsanani ba, ana ajiye su mako 1 kafin aiki, idan kuwa mai tsanani ne, kamar wanda ke cin ƙoda, ba a tsayar da su, domin tashin ciwon ya fi abin da ake gudu muni, wato ƙwayoyin cuta su harbi wurin aikin. Tunda ke naki ya taɓa ƙoda, wannan hukunci ba naki ba ne, ba kuma na likitan ƙashi shi kaɗai ba ne. Abin da aka tsayar, akan koma masa ne bayan kamar kwana 14, idan ɗinki ya kame, an cire zare, babu kumburi ko ruwa a wurin.

Malam Auwal:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne batun gudan jini. Yawancinmu da ke nan mata ne, amma mu ma maza ciwon yana samunmu, kuma ni ina cikin waɗanda gwajin antiphospholipid ɗinsu, wato gwajin wasu sinadaran garkuwa da ke sa jini saurin daskarewa, ya nuna akwai, har jini ya taɓa daskare mini a ƙafa, shi ya sa nake shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Aikin gwiwa shi kansa yana jawo gudan jini ko ga mai lafiya, balle ga irinmu. An tsayar mini da warfarin kwana 5 kafin aiki, aka maye gurbinsa da allurar heparin da nake yi wa kaina a fatar ciki, kuma likitan sa barci ya rubuta mini sa'ar da zan yi ta ƙarshe, saboda allurar kashe rabin jiki za a yi mini a baya. Malama, ki tambaya ko an taɓa yi miki wannan gwaji, kuma yaushe. Washegarin aiki aka tashe ni na taka, na ji zafin da ban taɓa jin irinsa ba, amma wannan takawar tana cikin maganin gudan jinin.

Anti Saude:

Ni nawa sau biyu ana ɗage shi. Na farko saboda an yi mini allurar rage kumburi a cikin gwiwar, likita ya ce sai an cika wata 3, domin yin aiki kafin nan yana ƙara yiwuwar ƙwayoyin cuta su kama ƙarfen da za a sa a gwiwar. Na biyu saboda haƙori ne mai rami da na yi ta raina shi, ana gudun kada ƙwayoyin cutarsa su bi jini su kai ga ƙarfen. Na yi kuka a lokacin, amma yanzu na san gata aka yi mini. Ki je a duba miki haƙora tun wannan makon, ki kuma nuna wa likita duk wani ƙurji ko gyambo da ke fatarki, komai ƙanƙantarsa.

Zulai:

Yaya, ni abin da babu wanda ya faɗa mini shi ne hannuwa. Lupus ya karkatar mini da yatsu, wuyan hannuna kuma yana ciwo, sai bayan aiki aka miƙo mini sandunan dogarawa na ga ba zan iya dafe su ba. Na tsaya a bakin gado ina kallon su, ƙafa a naɗe, hawaye na zuba. Daga baya aka samo mini abin turawa mai wurin ɗora damtse. Da na je sashen gashin ƙashi tun kafin aiki, da an gwada an gane. Ki je yanzu, su koya miki atisayen ƙarfafa naman cinya, kamar ɗaga ƙafa a miƙe kina kwance, domin ƙarfin da kika shiga da shi ne zai ɗauke ki a makonnin farko. Ki kuma tanadi kujera mai tudu da abin ƙara wa masai tsayi, a kwashe duk shimfiɗar da ke santsi a hanyarki.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takarduna, gwajin antiphospholipid na ƙarshe da aka yi mini tun farkon ciwon ne, zan nemi a sake. Hajiya, saura abu guda: idan zazzaɓi ya zo bayan aiki, yaya zan san ko lupus ne ya motsa ko kuwa wurin ne ya harbu?

Hajiya Rabi:

Ba za ki iya rarrabewa a gida ba, ƙanwata, ni ma ban iya ba, kuma prednisolone yakan ɓoye zazzaɓi har abu ya yi nisa. Shi ya sa ya kamata kafin aiki a auna miki C3 da C4 da anti-dsDNA, gwaje-gwajen jini da ke nuna ko lupus ya motsa, da furotin na fitsari da aikin ƙoda da yawan jini, don a sami abin kwatantawa daga baya, a kuma tabbatar ciwon yana kwance kafin a sa wuƙa. Ki faɗa musu tarihin ƙodarki da bakinki, domin maganin zafi irin su ibuprofen da diclofenac da ake yawan bayarwa bayan aiki bai dace da ke ba. A kwana na 9 na ga gefen ɗinkina ya yi ja, na zana iyakar jan da biro, na kira lambar da suka ba ni a daren, ban jira gari ya waye ba. Kafin ki bar asibiti ki karɓi irin wannan lambar, ki rubuta ta a bayan takardar magungunanki.