Zan shiga ajin fentin ruwa, wane kaya zan fara saya?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Na yi rajistar ajin fentin ruwa da zanen littafi, malamarmu ta ce kowa ya zo da fenti, burushi da littafin zane, ba ta faɗi iri ba. Na duba na ga akwati mai kala 12, na ga mai 48, burushi kuma jeri guda. Kuɗina ba su da yawa. Don Allah masu sani, ina zan fi zuba su?

Wani malamin zane: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zuba su a takarda. Ɗalibai da yawa suna zaton hannunsu ne bai iya ba, alhali takardar ce take cutarsu. Ki nemi mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, za ki ga an rubuta 300gsm a bangon. Siririyar takarda da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, kalar ta gangara kwarin ta bushe da zobe a gefe. Sannan ki duba da me aka yi ta. Ta auduga zalla tana riƙe danshi, tana ba ki lokaci ki ja kala daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ya fito ba, kuma tana jure a shafa mata fenti sau biyu ko uku a kan juna. Wadda aka yi da niƙaƙƙen itace saurin bushewa gare ta, in kin koma kanta da burushi sai kalar ƙasa ta taso. Takardar Arches ta Faransa da Fabriano Artistico ta Italiya duk auduga ne. Fuskar takarda iri uku ce: mai santsi, mai ɗan kaushi, da mai kaushi sosai. Ɗauki ta tsakiya, wadda ake rubuta wa cold press.

Wata tsohuwar ɗaliba: Malam ya yi gaskiya, amma kar a tsorata ta. Ni takardar auduga sai ta sa nake jin tsoron ɓata shafi, har na daina zane kullum. Ki raba biyu 'yar uwa: littafi mai sauƙi irin Canson XL na atisaye, sai babban falle ɗaya na auduga ki yayyanka shi ƙanana don aikin aji. Littafin kuma ki buɗe shi kafin ki saya, ki ga ko yana kwanciya shimfiɗe.

Mai tambaya: Na gode Malam, na gode Anti. To mai kala 48 ɗin fa? Wallahi ya shiga raina.

Malamin zane: Bar shi a inda kika gan shi. Fentin ruwa garin kala ne da aka kwaɓa da ƙaro, masu arha sosai kuwa an cika su da abin ƙara auki, shi ya sa suke bushewa fari-fari. Kala shida masu kyau sun ishe ki. Ki juya bututun fentin ki karanta lambar da ke jiki, wadda ke nuna irin garin kalar da ke ciki: PB29 shuɗi ne mai ɗan karkata ga shunayya, PB15 shuɗi mai ƙarfi da ke ba da kore mai haske, PV19 ja mai ruwan hoda, PBr7 ruwan ƙasa. Ƙara rawaya ɗaya da ja mai ɗumi ɗaya. Haɗa PB29 da ruwan ƙasa ki ga ruwan tokar da zai ba ki, ba kya bukatar baƙi. Fari kuwa takardar ce farinki. Lamba ɗaya a bututu ta fi lamba uku, don haɗin ba ya saurin dagulewa. Ki guji ja mai lamba PR83, yana koɗewa a haske.

Wani mamba: Ni dai a ganina ƙaramin akwatin Cotman na kamfanin Winsor & Newton ko mai suna Van Gogh ya wadatar da mai farawa, kuma busasshen fenti na cikin akwati ya fi na bututu sauƙin ɗauka in za a fita zane waje. Ki ɗiga masa ruwa minti biyu kafin ki fara, sai ya saki kala sosai. Burushi kuma mai zagayayyen baki lamba 8 ko 10, na gashin roba, sai ƙarami lamba 4. In ya jiƙe kin yarfe shi bakinsa bai koma tsini ba, ba shi da kyau. Kada ki bar shi tsaye cikin ruwa, bakin zai lanƙwashe.

Tsohuwar ɗaliba: Ƙananan kayan da ake mantawa: gwangwanin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta, fensir HB, kilina mai laushi, tsumma, da farin faranti na haɗa kala. In za ki yi layi da tawada kafin fenti, ki gwada alƙalamin a gefen takarda ki shafa masa ruwa. Tawadar alƙalamin Pigma Micron ba ta zuba in ta bushe.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na haƙura da mai 48. Zan ɗauki ƙaramin akwati da burushi biyu, ragowar ya tafi a takarda. Malam, fallen audugar da wuƙa zan yanka ko da almakashi?

Malamin zane: Ninke shi gaba da baya sau da yawa, ki ɗora rula a kan layin ki yage a hankali.