Wi-Fi yana yawan yankewa a laftof ɗina, alhali wayata lafiya lau

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Kusan mako uku ke nan laftof ɗina mai Windows 11 yana yanke Wi-Fi, wani lokaci sau biyar ko shida a zama ɗaya, kuma ba ya dawowa sai na kashe Wi-Fi ɗin na sake kunnawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wayata tana kan rawta (na'urar da ke watsa Wi-Fi) ɗaya da shi, a ɗaki ɗaya, amma ko sau ɗaya ba ta yanke ba. Na kashe rawtar na kunna, na goge sunan Wi-Fi ɗin na sake shigar da kalmar sirri, duk da haka ba ta sauya zani ba. Don Allah ina neman shawara.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka lura ko matsalar ta fi tasowa bayan ka cire caja ko bayan laftof ɗin ya farka daga barci, domin Windows kan kashe katin Wi-Fi, wato ɓangaren laftof da ke kama Wi-Fi, don rage cin batir, wani katin kuma ba ya farkawa yadda ya kamata. Ka buɗe Device Manager, ka nemo katin a ƙarƙashin Network adapters, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. Idan hakan bai yi ba, ka sauko da sabon direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin.

Malama:
Shawarar Injiniya tana kan hanya, sai dai ban yarda lafiyar wayar ta wanke rawtar gaba ɗaya ba. Rawtoci da yawa suna watsa zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, da suna ɗaya, don haka mai yiwuwa wayarka tana kan 5 GHz, laftof ɗin kuma yana fama a 2.4 GHz, inda rawtocin maƙwabta da Bluetooth suke cunkushe. Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba: na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar lantarki a daidai zangon 2.4 GHz ɗin, har kamfanin Intel ya wallafa bayani a kai a 2012. Kafin ka taɓa komai, ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, da izinin mai gudanarwa, ka rubuta netsh wlan show wlanreport. Zai ba ka rahoton kwana uku da suka wuce, da lokacin kowace yankewa, sai ka tuna abin da kake yi a waɗannan lokutan.

Ɗalibi:
Allah ya saka muku da alheri. Injiniya, na cire alamar, amma da yamma ya sake yankewa da caja a jiki. Malama, maganarki ce ta fito. Da na duba rahoton, sai na ga yankewar ta taru ne a sa'o'in da nake kwafar darussa zuwa faifan ajiya na waje mai USB 3.0, wanda na fara amfani da shi mako uku da suka wuce, kuma da ɗan guntun kebul nake jona shi, yana manne da gefen laftof ɗin. Na sa kebul mai tsawo na nisanta faifan daga laftof ɗin, na kuma ba zangon 5 GHz sunansa daban na koma kansa. Yau kwana biyu ke nan bai yanke ba.