Lalubo abu da sunansa a cikin R

Ɗaliba, Marwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. In rabin sunan umarni kawai mutum ya tuna a R, manhajar nan ta ƙididdiga, ko teburan bayanansa sun yi yawa har ya manta sunan da ya raɗa musu, da me zai lalubo su?

Malami, Ngaundere: Wa alaikumus salam. Tambaya biyu kika haɗa. In abin naki ne, ls(pattern = "gero") zai kawo duk mai "gero" a sunansa. Sai dai yana bambanta babban baƙi da ƙarami, Gero2021 ba zai fito ba. In kuwa umarnin R ne, apropos("test"). Shi ba ruwansa da girman baƙi.

Ma'aikacin ƙididdiga, Garwa: Malam, hakan zai zubo mata sunaye tuli. Gara apropos("\\.test$"). Alamar dala na nufin ƙarshen suna, ɗigo kuma in ba a sa masa \\ ba, kowane harafi yake wakilta. Nan za ta ga su t.test, chisq.test da shapiro.test. Wanda rubutun ya ɗaure wa kai, glob2rx("*.test") zai haɗa masa shi.

Ɗaliba, Marwa: Na gode. To apropos("read_excel") ya ba ni character(0), wato bai samo komai ba, alhali readxl, fakej (kunshin ƙarin umarni) ɗin da read_excel ke ciki, na kan kwamfutar.

Wata yaya, Njamena: Ƙanwata, saukewa daban, lodawa daban. Abin da search() ya lissafa, wato abubuwan da aka loda, kaɗai apropos ke gani, sai kin yi library(readxl) tukuna. In fakej ɗin ne ma kika manta, ??read_excel zai bi takardun taimakon duk waɗanda ke kan na'urar, kuma ba ya cin data. RSiteSearch ne mai son intanet, shi kam sai ranar da netwok ya yi kirki.

Malami, Ngaundere: Ni find() nake so a riƙe da kyau. A loda fakej ɗin dplyr, a rubuta find("filter"), amsa biyu za a samu: package:dplyr da package:stats. Na farko ne R zai ɗauka. Shi ya sa lissafin da ya yi aiki jiya yau yake ƙi. Mai son na stats ya rubuta stats::filter.

Ma'aikacin ƙididdiga, Garwa: Haka exists("t") kullum TRUE yake cewa, domin R na da nasa t. A ƙara inherits = FALSE ya tsaya kan naki. Sunayen ginshiƙan tebur kuwa ls() ba ya shiga ciki ya gan su, sai grep("revenu", names(tebur), value = TRUE).

Wata yaya, Njamena: In teburan suna da suna iri ɗaya, gero2021, gero2022, mget(ls(pattern = "^gero")) zai tattaro su wuri guda. Amma kafin ki sa irin wannan cikin umarnin gogewa rm(list = ...), ki buga ls ɗin shi kaɗai ki karanta sunayen. Abin da rm ya goge, sai dai a sake karanto shi daga fayil.