Muhawara: wai limaman coci ne suka fara gwajin kimiyya?

Malam Bulus: Yau raina ya ɓaci a ɗakin malamai. Wani abokin aiki ya ce wai mutanen coci ba abin da suka taɓa yi wa kimiyya sai danne ta. Haba! Gregor Mendel ɗin da muke sa yara su haddace, mai binciken yadda ake gadon siffofi, limamin cocin Katolika ne. A lambun gidan ibadarsu da ke Brno, a ƙasar Czech ta yau, ya yi ta shuka waken Turawa daga 1856 zuwa 1863, tsiro kusan dubu 28, yana ɗibar garin fure da hannunsa daga wannan zuwa wancan, yana ƙirga abin da ya fito: dogaye uku, gajere ɗaya. Limaman coci ne suka fara gwajin kimiyya, ko an so ko an ƙi.

Sani: Malam, da girmamawa, a daina cewa "limami". Liman mai jan sallah ne. Ku ce Fada.

Hauwa: Kai Sani, kullum a rediyo "limamin coci" ake cewa, ba ka taɓa rufe akwatinka ba.

Sani: Rediyo ba hujja ba ce, Anti. Kalmar daga "imam" ta samo asali.

Rahila: Mu ma a cocinmu Fada muke cewa. Amma Hausa ta kowa ce, ba wanda ya gaje ta shi kaɗai.

Sani: Wa ya yi maganar gado kuma?

Alhaji Garba: Ni "fara" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir, littafi kan haske da gani, a Misra wajen shekara 800 kafin Mendel. Ɗaki ya rufe ya yi duhu, ya bar 'yar kafa, ya gwada yadda haske ke tafiya miƙe. Roger Bacon na Ingila, ɗan zuhudun nan da Turawa ke taƙama da shi, littafin ya karanta da Latin. To wa ya fara?

Rahila: Baba, ai Malam bai musa wannan ba.

Idi: Ku tambayi mutanen coci abin da suka yi wa Galileo, masanin taurari na Italiya, a 1633.

Rahila: Idi, kullum sai ka jefo Galileo ka gudu. Me aka yi masa? Faɗa mana.

Idi: Ɗaurin talala a gidansa har ya mutu. Kuma ni ba sa'anki ba ne.

Rahila: Shekara biyu ka ba ni, Yaya, ba ashirin ba.

Malam Bulus: Jama'a, a dawo kan magana. Akwai Spallanzani na Italiya, shi ma Fada ne. Romo ya tafasa ya toshe kwalaben, ya nuna ƙananan halittun da ido ba ya gani ba sa fitowa haka kawai.

Sani: Yauwa! Ga shi da bakinka ka ce Fada.

Hauwa: Don a zauna lafiya ya faɗa.

Alhaji Garba: Dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na mai kula da zauren nan. An tabbatar Ibn al-Haisam ne ya fara, ba wanda ya kawo hujjar da ta musa haka. Mendel ya yi ƙoƙari, ba mu hana shi nasa ba. Maganar "limami" kuwa, Sani ya fi gaskiya. Rahila, ki ba yayanki haƙuri.

Malam Bulus: Alhaji, ni ban amince da wannan taƙaitawar ba.