Wai dabbar da ke cin komai ba ta ƙarewa?

Malam Habibu, Gwale: Jama'a, ina nan a kan bakana. Dabbar da ke farauta, muddin ba ta zaɓen abinci, yawanta ba ya faɗuwa. Ku ɗaga kai a Abbatuwa ku ga shirwa. Ɗan tsako ta sura, ɓera ta sura, fara ta ci, guntun hanji ta ci. Wace shekara aka neme ta aka rasa?

Zainab, Kabuga: Malam, rabin maganarka na da madafa. A Kanada akwai kyanwar daji da ake kira linkis, kusan zomo kaɗai take ci. Duk bayan kamar shekara 10 zomaye sukan yi yawa sannan su zube, ita ma sai ta bi su ta zube. Littattafan cinikin fata na kamfanin Hudson's Bay ne suka nuna haka. 'Yar'uwarta ta Sifaniya ma, da cuta ta karkashe zomaye, a 2002 kyanwoyin ba su kai 100 ba.

Malam Habibu: To ai shi ke nan, 'yata ta gama min aiki.

Alhaji Uba, Fagge: A'a, dakata. Ina ungulu? Muna yara ba a yanka a mahauta ba ta sauka ba. Mushen me ta taɓa ƙi? Yau jikokina ba su san kamanninta ba.

Zainab: Baba Alhaji, ba yunwa ce ta kore ta ba. Guba ce, da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsubbu. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Alhaji Uba: Abin da nake faɗa ke nan. Faɗin ciki yana tare yunwa, ba ya tare mutum. Malam cewa ya yi ba ta ƙarewa.

Musbahu, Hotoro: Akwai kuma inda ba ku duba ba. A tsibirin Guwam da ke tekun Pasifik wani maciji ya shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye yawancin tsuntsayen dajin. Da suka ƙare bai rasa abinci ba, ƙadangaru da ɓeraye ya koma wa.

Malam Habibu: Macijin dai ya ragu ko bai ragu ba?

Musbahu: Yana nan, ranka ya daɗe. Tsuntsayen ne babu.

Malam Habibu: To a kan maciji muke gardama. Ta ungulu kuwa, Alhaji, mu haɗu bayan La'asar.